Wa Zai Karɓi Gaisuwar Kawu?

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya riga mu. Ya cika da safe a wani asibiti a Lyon, ana yayyafi, Hajiya matarsa na riƙe da ƙafarsa tana murza masa ita kamar yadda ta saba yi duk lokacin da sanyi ya kama shi.

Kafin azahar labari ya kai Paris, kafin la'asar gidansa da ke unguwar Minguettes ya cika. Na'urar hawa bene ta lalace kamar kullum, don haka da ƙafa mutane suka riƙa hawowa, tsofaffi na tsayawa a kowane hawa suna mayar da numfashi. Alhaji, aminin Kawu mai shagon hatsi a unguwar Guillotière, bai ma ƙarasa ba. A kan matakala ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe, yana ta maimaita magana ɗaya: "Shi ke nan, an rufe muna ƙofar Damagaram."

Wata likita Kirista, mutuniyar Jos da ke aiki a Paris, ta shigo ɗakin mata idanunta jawur. Ta ce lokacin da mahaifiyarta ta rasu a gida, ba ta san kowa a ƙasar nan ba, sai ga wani tsoho ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ya ce ya ji an yi mata rashi. Ya zauna, ya yi mata gaisuwa, ya sha ruwa, ya koma tasha ya kama jirgin Lyon. "Ko sunana bai iya faɗa daidai ba," in ji ta, "amma ya zo." Ɗalibai kuwa sun jeru a bakin ƙofa, wasu sanye da rigunan sanyin da Kawu ya ba su ranar da suka sauka ƙasar nan. Na gane wata ruwan toka mai ɓallallen maɓalli, don ni ma na taɓa sa ta.

Akwai kuma wata maganar da aka riƙa yi ƙasa-ƙasa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. A falo, inda maza suke, ɗan Kawu tilo yana zaune a kan tabarma, wurin da babban ɗa ke zama ya karɓi gaisuwa. Duk wanda ya durƙusa ya ce masa, "Ya haƙuri?" sai ya ɗaga kai ya ce, "Merci," wato na gode da Faransanci. Alhaji ya matsa kusa da shi zai raɗa masa amsa, ya kau da kunne. Wata tsohuwa da ta leƙa ta dawo tana tafa hannu a hankali. "Ikon Allah. Mutumin da ya koya wa ɗiyan kowa, ga nashi nan ko amsa gaisuwa bai iya ba."

Raina ya ɓaci da ita ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne gaskiya ta faɗa.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce. Daga Damagaram na zo Lyon karatun haɗa magunguna, a gidansa na zauna har na gama na sami aiki. Ɗan nasa taubashina ne ke nan, kuma na yi amfani da wannan damar iyakar iyawata: ban taɓa barinsa ya ci tuwo da cokali ba tare da na yi masa tsiya ba. Shi a nan aka haife shi, a nan ya girma. Ya iya harsuna da yawa, har da waɗanda babu wata ƙasa da ake yin su. Hausa ce kawai bai iya ba. Na zauna rubuta wannan ne don kada abin da za a riƙa tunawa da Kawu ya zama wannan "merci" ɗin kaɗai, kuma don in faɗi yadda aka yi aka zo nan.

Kawu ya zo Faransa yana saurayi, ya yi karatu, ya yi aiki a wata masana'antar sinadarai da ke kudu da gari har ya yi ritaya. Amma in ka tambayi mutanenmu sana'arsa, za su ce maka zuwa gaisuwa. Yana da wani baƙin takalmi da yake ajiyewa a bakin ƙofa, ba ya sa shi zuwa masallaci, ba ya sa shi zuwa biki. Mu a gida takalmin gaisuwa muke ce masa. In ka ga yana goge shi, to wani ya rasu a wani wuri, kuma Kawu zai tafi, ko a Lyon ne ko a Paris, ko Musulmi ko Kirista, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. "Biki in ka rasa, ka aika da goro," in ji shi. "Mutuwa ba a aike." In aka ce masa ai yanzu ana yi a waya, sai ya ce waya ba ta zama a tabarma.

Duk ɗalibin da ya sauka a hannunsa, bayan rigar sanyi da tuwo sai jarrabawa. Zai dube shi ta saman tabarau ya ce, "In an yi maka rashi, aka ce ya haƙuri, mi za ka ce?" Wanda ya yi inda-inda sai ya sha faɗa, a ce masa ya bar gida gida ya bar shi tun bai kwance jaka ba. Ni na ci jarrabawar, don kakata ce ta rene ni. A ranar na lura taubashina ya tashi daga tebur ya shige ɗakinsa, ban kuwa san dalili ba sai daga baya.

Hajiya ce ta gaya min, wata rana muna yanka kuɓewa. Lokacin da yaron ya shiga makaranta, malamarsa ta kira Kawu ta ce yana cakuɗa harsuna, za a bar shi a baya, gara a yi masa Faransanci zalla a gida. Kawu ya dawo ya kafa doka: daga yau ba mai yi wa yaron nan Hausa. Hajiya kuwa a lokacin ba ta daɗe da zuwa ba, Faransancinta bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba. Da shi ta rene shi. Zo, ci, kwanta, bari. In zazzaɓi ya kama shi, ba ta da kalmar lallashi sai dai ta shafa masa kai. Hausa ta koma bayan ƙofa, tsakaninta da mijinta, in yaro ya yi nisa.

"Na goya shi da Hausa," ta ce, ba ta ɗaga kai daga kuɓewar ba, "na yaye shi da bebanci."

Na ce, "Hajiya, ba ki taɓa karya dokar ba? Ko a ɓoye?"

"Ubansa ya ce don gobensa ne. Wane ni in ɓata wa ɗa gobe?"

Goben ta zo kuwa. Yaro ya yi ƙoƙari a makaranta, ya wuce sa'o'insa. Yana tasowa ya tsinci wani littafin almara a ɗakin karatu na unguwa, wanda marubucinsa ya ƙirƙiro wa mutanen labarinsa harshe nasu na kansu, da waƙoƙinsu da komai. Abin ya shiga ransa. Ya bi diddigi ya gano cewa daga harsunan gaske aka samo su, sai ya bi su har gida: ya koyi harshen mutanen Wales, ya je ya yi hunturu guda a Finland. Daga ƙarshe ya sami aiki a Aubervilliers da ke gefen Paris, a wani ƙaramin kamfani da ke yin wasannin kwamfuta a cikin tsohon ɗakin ajiyar kaya, tsakanin masu sarin tufafi. Aikinsa ƙera harsuna, kuma ana biyansa. In abokan Kawu suka tambaye shi me yaron yake yi, sai ya ce aikin na'ura, ya sauya magana.

Ina tuna wani cin abinci da aka yi a gidan da Babbar Salla. Da Faransanci uba da ɗa suke magana kullum, ni ce nake mayar muku da ita Hausa. Kawu ya tambaye shi, cikin gatse, yadda mutum mai hankali zai zauna ya ƙago harshe alhali duniya cike take da su.

Taubashina bai ji gatsen ba, ya gyara zama. Ya ce ba daga iska ake ƙagowa ba. In kana son mutanen labarinka su yi kama da masu daɗaɗɗen tarihi, masu baƙin ciki mai taushi, sai ka saurari yadda harshen Wales ke zuba kamar ruwa a kan duwatsu, ka ɗauki amonsa. In kana son harshen addu'a da waƙa, sai ka je wa na Finland, mai jan wasula, mai jera gaɓoɓi kamar tsakiya a zare. Ba kalmomin kake ɗauka ba, in ji shi, ƙamshinsu kake ɗauka.

"Wato sata," in ji Kawu.

"Aro, Papa."

"Aro ana mayarwa. Mi kuka mayar musu?"

Na yi dariya har na ƙware. Taubashina kuwa ya ɗauki abin da zafi. Ya ce ana mayarwa mana, mutane da yawa ta wannan hanyar suka fara son harshen Wales har suka je suka koye shi. Ya ce harshe ne da ya sha wuya. Akwai zamanin da in yaro ya yi shi a makaranta, sai a rataya masa wani ɗan katako a wuya, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaron yana yi ya miƙa masa, kuma wanda aka tashi da shi a wuyansa shi ke shan bulala. Ya juya ga ubansa. "Ka duba, Papa, yadda ake sa yaro ya ji kunyar harshen uwarsa."

Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya wanke hannu, ya fita baranda, bai dawo ba har aka kwashe kwanuka. Da na kai masa shayi sai ya ce min da Hausa, ba tare da ya juyo ba, "Namu ƙashin jaki ne. A lakwal, makarantar boko, a Damagaram. Sambol ake ce mishi. Na kwana da shi a wuya ya fi a ƙirga." Sannan ya ce, "Yana kukan ɗiyan Turawa. Bai san ubansa ya rataya ba, bai san kuma ubansa ya rataya mishi ba."

Na ce ya shiga ya gaya masa. Ya ce shayin ya yi sanyi, in ɗumamo.

Bayan wannan da 'yan shekaru taubashina ya bugo waya ya ce yana son Hausa daga bakin ubansa. Ya faɗi dalili tun a wayar, ina wurin, amma Kawu abin da yake son ji shi ya ji. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan murna ba. Ya ja ni Guillotière muka sayo naman rago da gero da yaji, ya tsaya a shagon Alhaji yana shela: "Yaro ya dawo gida! Icen da na ce ya bushe, ashe da sauran ɗanye." Duk ƙarshen mako taubashina zai zo da na'urar ɗaukar murya, Kawu ya sa babbar riga kamar mai zuwa Idi, ya zauna yana jero masa kalmomi: rijiya, gishiri, ayari, raƙumi, tauraro, ƙishirwa. In ya faɗi ɗaya sai ya ba da labarinta. Hajiya na zaune a bakin ƙofar kicin tana saurare, hannunta a haɓa.

Ranar da abin ya fashe, taubashina da kansa ya kawo wasan da suke haɗawa, cikin ɗoki. Ya buɗe kwamfuta ya nuna wa Kawu wasu dogayen mutane masu rufaffiyar fuska, mazauna wata hamadar gishiri a ƙarƙashin sama mai farin wata biyu. Suka buɗe baki suna magana. Amon namu ne, hawa da saukar muryar tamu ce, kai ka ce daga bayan katanga kake jin mutanen gidanku. Amma ko kalma ɗaya ba ta Hausa ba ce. An karya su, an sake ɗaure su.

Kawu ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na ɗauka kiwo ka zo yi, ashe fawa ce."

Na fassara wa taubashina, don da Hausa ya faɗa. Da ma ban fassara ba. Ya miƙe tsaye, fuskarsa ta sauya.

"Kai ka rufe ƙofar, Papa. Ina bayanta ina jin ku kuna dariya kai da Maman da harshen da aka hana ni. Kowane baƙo ya zo gidan nan ka koya masa, ni ina zaune. Ban san yadda ake shiga harshe ta ƙofa ba. Ta taga na iya, kuma ta nan na shigo."

"Don gobenka na yi."

"To ga goben. Ba ta yi maka ba?"

Ya haɗa kayansa ya tafi tasha. Hunturu ya shiga ya fita ba su yi magana ba. Hajiya ta rame. Tana son ta sasanta su, amma da wane baki? Na mijin ta iya, na ɗan ba ta iya ba. Sai dai ta dafa abinci ta ba ni in kai masa Paris a cikin kwanon roba.

Mutuwa ce ta haɗa su, kuma da ma ita ce kawai ke iya tayar da Kawu. Wani dattijo mutumin Maraɗi ya rasu a Aubervilliers, Kawu ya goge takalmi, na raka shi don ƙafarsa ta fara ba shi wahala. Da muka fito daga gidan makoki sai ya tsaya a bakin titi ya ce, "Kai ni wurin aikin taubashinki."

Ya shiga wurin nan da babbar rigarsa, ya bi samari da 'yan matan da ke gaban allunan kwamfutarsu ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, yana tambayar iyayensu, har suka rasa inda za su sa kansu. Taubashina ya tsaya kamar an dasa shi. Kawu bai ce masa komai game da faɗan ba. Ya ja kujera ya ce a nuna masa mutanen gishirin nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "In biyu daga cikinsu sun haɗu a rijiya, yaya suke gaisawa?"

"Ba sa gaisawa sosai. Kai tsaye suke faɗin abin da ya kawo su."

"In ɗaya ya mutu fa?"

"Sai ya ɓace daga allo."

"Kalmar takobi nawa gare su?"

Taubashina ya sunkuyar da kai ya ce suna da yawa.

"To ba mutane ka yi ba, fatalwa ka yi. Kawo abin ɗaukar muryar."

Wannan shi ne alherin da ban taɓa zaton Kawu zai iya ba. Ya zauna ya miƙa wuyan harshensa ga mahaucin da kansa. Ya jero gaisuwar safe da ta yamma, tambayar kwana da gajiya da gida da dabbobi, da ta wanda ya dawo daga tafiya, da ta mai jego, kowace da amsarta. Ya ce a karya su yadda aka ga dama, amma kada a bar mutanen nan su wuce juna kamar jakuna. Da ya zo kan ta mutuwa sai ya gyara murya, ya dubi ɗansa ido cikin ido, ya ce, "Ya haƙuri?"

Na'ura na ta ɗauka.

"Amsar fa, Papa? Ina buƙatar ɓangarorin biyu."

"Amsar ba tawa ba ce. Mamaci ba ya karɓar gaisuwar kansa."

"Ka faɗa kawai, don aikin."

"Don aikin ba zan faɗa ba."

A jirgin komawa Lyon na sa shi a gaba, don ni bakina ba ya ajiya. Na ce, Kawu, kalma uku ce fa. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce ya sani. Ya daɗe yana kallon gonaki ta taga, sannan ya ce, "Ɗiyata, na taka ƙasar nan daga sama har ƙasa ina kai gaisuwa. Tawa wa zai karɓa?" Na ce to bari ni in koya masa. Ya girgiza kai. "Na hana shi da ƙarfi, ba zan ba shi da ƙarfi ba. Ranar da ya tambaya don kansa, ki gaya mishi. In bai tambaya ba, ki bar shi." Ya sa na yi alkawari. Na yi, ina jin haushinsa, kuma har yau da nake rubutun nan haushin bai gama sauka ba.

Da taubashina ya so, da ya sami amsar a wayarsa kafin ƙiftawar ido. Amma ɗan Kawu ne, taurin kai gado ne. Daga bakin ubansa yake son ta, ba tare da ya roƙa ba. Uban kuma yana jira a roƙa. Haka suka zauna, kowa na riƙe da nasa bakin igiyar.

Wasan ya fito. Mutanen gishiri suna gaisuwa mai tsawo, wadda shugabannin kamfanin suka so yankewa, taubashina ya ce in an yanke zai ajiye aikin. In ɗayansu ya mutu, ana zuwa a durƙusa gaban ɗansa a yi masa tambayar nan da harshensu. Ɗan ba ya amsawa, sai ya sunkuyar da kai kawai. Masu wasan sun yi ta rubutawa cewa wannan shirun ya fi komai kyau a cikinsa. Ni in na karanta sai in ji kamar in jefar da wayar, don na san rami ne suke yabo. Taubashina ya ce min ya ƙirƙiri kalmar gishiri da ta tauraro da ta cin amana, amma wannan ɗaya ya kasa.

Ciwon Kawu bai ja lokaci ba. Ɗansa na zuwa duk ƙarshen mako, ya yi masa aski, ya karanta masa jarida. Sun yi hira a kan ƙwallo da tsadar jirgi da likitoci. Ina tsaye ina jira ɗayansu ya taɓo maganar, babu wanda ya taɓo. Abu ɗaya Kawu ya nema: kada a kai gawarsa gida, a binne shi a nan, inda yaro zai iya zuwa da jirgin ƙasa. Alhaji ya yi ta faɗa a kan haka, amma an bi wasiyya.

To, kun ji yadda aka yi ɗan mai takalmin gaisuwa ya zauna a tabarmar ubansa yana cewa "merci". Ina ɗakin mata ina jiyo shi, alkawari ya ɗaure min baki. Kwanakin zaman makoki suka wuce a haka. Baƙin Paris suka koma, ɗalibai suka naɗe tabarmi suka mayar masallaci, Alhaji ya sauka matakala yana dafa bango.

Da yamma ina kicin ina wanke manyan tukwanen da aka yi sadaka da su, sai ga taubashina ya shigo. Ya ɗauki tsumma ya fara goge murfi, shi da bai taɓa goge ko cokali ba a gidan nan. Ya goge murfin nan har ya kusa huda shi. Sannan ya ce, a hankali, "Cousine, me ake cewa?"

Na san abin da yake nufi, amma na ce, "Don aikin?"

"A'a."

Hawaye suka zubo min a cikin ruwan wanke-wanke. Na ce, "Kai dai ba ka da dabara. Sai da kasuwa ta watse ka kawo hajarka." Sannan na gaya masa: "Haƙuri da godiya."

Ya tambaye ni ma'anarta, na faɗa masa. Ya ce, "Godiya ga wa?"

"Ga wanda ya ba ka shi, kuma ya karɓe."

Ya rufe ido ya maimaita. Sau ɗaya kawai, kuma bai yi kuskure ba. Shekara da shekaru yana sauraron muryar ubansa a na'ura yana rarraba ta, ashe ta zauna masa a maƙogwaro. Da karin Damagaram ya faɗe ta, da muryar Kawu sak. Tukunya ta kusa suɓuce min.

Ya ajiye tsumman ya nufi falo, na bi shi. Babu kowa. Kujeru an jingine su a bango, ƙasa fayau. Hajiya kaɗai ke zaune a kan darduma cikin mayafin takaba, kusa da ƙofa, inda baƙin takalmin yake ajiye. Taubashina ya tsaya a tsakiyar ɗakin da amsarsa a baki, ba mai tambaya.

Kicin ɗin gidan ba shi da nisa da falo, kuma kunnen Hajiya ƙalau yake. Ba ta dube shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ta gyara mayafinta, ta ce da Hausa, karon farko tun yana ƙaramin yaro, "Ya haƙuri?"

Ya durƙusa a gabanta. "Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Na ɗauka a nan za ta tsaya, amma ba ta tsaya ba. Ta fara ba shi labarin ranar da aka haife shi, yadda ta ga dusar ƙanƙara na zuba ta taga ta ɗauka auduga ce. Ta gaya masa abin da ta so ta ce masa daren da ƙyanda ta kama shi, da ranar da wasu yara suka fasa masa baki a filin wasa, da ranar da zai tafi Finland ta tsaya a tasha ba ta da abin faɗa sai "ci abinci". Ta yi masa waƙar da take yi masa a goye kafin doka. Bai gane ko ɗaya ba. Ya waiwayo ya dube ni, na buɗe baki zan fassara, ta ɗaga min hannu.

"Bar shi. A cikina ya fara jin ta."

Ta ci gaba. Shi kuma duk inda ta tsaya jan numfashi sai ya ce amin, har a inda ba addu'a ba ce.

Kawu, ka tambaye ni wa zai karɓi gaisuwarka. An karɓa. Sau ɗaya, bayan an naɗe tabarmi, kuma matar da ka rufe wa baki ce ta kawo ta. Allah ya yafe maka dokar da ka kafa, ya yafe wa waɗanda suka rataya maka ƙashin jaki, ya saka maka da kowane taku da ka yi zuwa gidan makoki. Ya sa can ta fi maka nan, ya kyautata namu zuwan. Amin ɗin kuwa kada ka damu, ɗanka ya iya.